Vespar Babanmu: in yanke ta in yi mata gyaran zamani ko in bar ta yadda take?

Abban Khairat: Salamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema, a yi haƙuri bayanin zai ɗan yi tsawo. Akwai Vespar mahaifinmu Allah ya ji ƙansa, Sprint Veloce ce 150, ya saye ta 1975 da kuɗin Udoji, ƙarin albashin nan da aka yi wa ma'aikata, lokacin yana koyarwa a firamare, tun 2009 da ciwon ƙafa ya sa shi gaba aka jingine ta a zaure aka lulluɓe da tsohuwar tabarma, kaji har ƙwai sun sha yi a ƙarƙashinta. To satin da ya wuce na jawo ta tsakar gida na wanke, lambar bodi ta fara da VLB1T ta inji VLB1M, kik yana sauka lafiya lau ba ta kame ba, amma tanki warin tsohon fetur kawai yake, sannan inda ake ɗora ƙafa tsatsa ta huda wuri biyu. Ni abin da ke raina, kuma da hannuna nake son yi a gida duk Asabar da Lahadi: in fesa mata baƙin fenti mara ƙyalli, in yanke madigadin gaba, in rage faɗin garkuwar gaban nan, in cire sirdi biyun in sa doguwar kujera, in sa bulok 177, wato babbar silinda mai ƙara girman inji zuwa cc 177, da salansa mai ƙara irin wadda nake gani a YouTube. Me kuka gani?

Yaro Mai Wuta: Wa alaikumus salam. Yaya wlh ka yi kawai, baƙi mara ƙyalli da jan rim, ranar da ka fito da ita titin Zoo Road sai an tsayar da kai ɗaukar hoto 🔥

Baba Mai Sifana: Wa alaikumus salam. Allah ya ji ƙan Malam. Yaro kafin komai ajiye garaindar nan tukuna. Shekara 41 ina kwance Basfa ina ɗaurawa, bari in gaya maka abin da ba a faɗa a bidiyo. Basfa ba kamar Jincheng ba ce da ke da ƙarfen ƙashi a ciki an rufe da roba, ita bodin nan da kake gani shi ne ƙashinta, farantin ƙarfe ne aka matse aka haɗa, garkuwar da kake son ragewa da daɓen da kake taka duk suna cikin abin da ke riƙe da ita. Ka yanke gefen garkuwa ka cire lanƙwasar bakin nan, sai ta riƙa rawa a hannunka in ka shiga gargada. Ƙa'idata ɗaya ce: duk abin da sifana za ta kwance, canza abinka, ka ajiye tsohon a kwali. Abin da sai garainda ta ci shi, kar ka taɓa.

Abban Khairat: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. To madigadin fa? Shi ai kwance shi ake.

Baba Mai Sifana: Ana kwancewa amma sai ka zare fok gaba ɗaya ta ƙasa, ba aikin minti biyar ba ne. In dole sai ka yanke, nemo wani madigadin gwanjo ka yanke shi, na Malam ka rataye a ɗaki.

Malam Na Tudun Wada: Ni tambayata daban ce, kuma ba don in ɓata wa kowa rai ba. Abban Khairat an raba gado? Babur ɗin ya faɗo a rabonka ne ko kuwa yana zaure ne kawai kowa ya manta da shi? Don in ba a raba ba, Hajiya tana da tumuninta a ciki, 'yan uwanka mata da maza kowa da haƙƙinsa, yanzu da yake tarkace ne ba mai magana, ranar da ya fito yana sheƙi za ka ji masu shi sun yi yawa.

Abban Khairat: Kai Malam ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. An raba gida da gona, ita kam ba wanda ya ko ambace ta, mu bakwai ne.

Malam Na Tudun Wada: To ka tara su, a kira wanda ya san kaya ya yi mata kuɗi yadda take yanzu da tsatsarta, ko su yafe maka ko ka biya kowa nasa, a rubuta a takarda. Kafin ka kashe ko sisi.

Maman Walid: Gsky Malam ya faɗi gaskiya. Kuma ni in ƙara, ka tambayi Hajiya zancen kalar nan. Namu baban shi ma yana da ita shuɗiya, mu uku yake ɗauka zuwa islamiyya, ni a tsaye a gaba ina riƙe da kai, yayyena biyu a baya, har yau in na ji wannan ƙarar ta fat fat fat a lungu sai gabana ya faɗi. Yayanmu ya sayar wa 'yan jari bola ba da sanin kowa ba, Innarmu ta yi wata ba ta amsa gaisuwarsa da daɗi. Ku maza ƙarfe kuke gani.

Yaro Mai Wuta: Toh Anti ai ba gidan tarihi zai kai ta ba, hawa zai yi. A Turai ma ai gyara su ake yadda mutum ke so, su da suka ƙera abin

Ɗan Brescia: Ƙanina tsaya in ba ka labarin Turan tunda a cikinta nake, shekarata 14 a Italiya ina aikin kamfanin ƙarfe. E ana yi, amma ba yadda kake zato ba. A nan duk abin da ka canza wanda ya saɓa da takardar babur, girman inji ko girman taya ko salansa mara izini, in 'yan sanda suka tare ka tara ce kuma su karɓe takardar sai ka je an sake duba babur ɗin. Sannan akwai rajistar tsofaffin babura ta ƙungiyoyi biyu, FMI da ASI, hotuna ake turawa ta kowane gefe, in kala ko sirdi ko fitila ba irin na shekarar ba ne sai su dawo maka da ita. Mai wannan rajistar inshorarsa da sauƙi kuma babur ɗinsa ya fi kuɗi nesa ba kusa ba.

Ni kaina na yi irin abin da Abban Khairat ke son yi shi ya sa nake magana. Na sayi Moto Guzzi 850 T3 ta 1976 wajen wani tsoho, ta shekara goma a garejinsa. Inji cc 844, silinda biyu sun leƙo hagu da dama kaman kunnuwa, ba ta da sarƙa, sandar ƙarfe ce ke juya tayar baya kaman mota. Hunturu biyu na yi a kanta a ƙaramin garejin gidan haya da hita ɗaya, na wanke kafireta biyun Dell'Orto, na sake wayarin gaba ɗaya don na asalin ya bushe yana karyewa a hannu, duk wannan ban yi nadama ba. Inda na yi wauta, na ɗau garainda na datse ƙarshen firam ɗin baya don in sa 'yar guntuwar kujera irin ta tsere, minti uku aikin ya ɗauka. Na kuma raba birkinta, alhali ita T3 abin da aka san ta da shi kenan, faifan birki uku, in ka taka na ƙafa yana kama baya da ɗaya na gaba tare. Da na hau na je taron masu Guzzi a Mandello del Lario, garin da ake ƙera Guzzi tun 1921 a bakin tafkin Como, wani dattijo ya zagaya ta sau biyu ya shafa wurin da na yanke ya girgiza kai ya wuce, ko kallona bai yi ba. Wlh gara ya zage ni.

Yaro Mai Wuta: 😂😂 amma ai tana gudu ko?

Ɗan Brescia: Tana gudu, bayana kuma yana ciwo bayan kilomita 60, matata ta ce ba ta ƙara hawa don ba wurin zama. Garin gyaran gira na rasa ido.

Ɗan Damagaram: Sallama gare ku. Nan wajenmu ma akwai su da dama wurin tsofaffin malaman lakwal da 'yan kasuwa. Ni abin da zan ce ma mai moto, kar ka yarda mekanisiyen da bai san Vespa ba ya taɓa ta. Na kai tawa wurin wani yaro mai gyaran 'yan kabu-kabu, ya rasa yadda zai fidda filawil sai ya sa guduma da kurfi, ya fasa mini fuka-fuki biyu na fankar, tun daga nan take karkarwa. Akwai ɗan ƙarfen da ake jawo shi da shi, kuɗinshi bai kai na buji uku ba.

Baba Mai Sifana: Ɗan Damagaram ka gama magana. Abban Khairat tunda da hannunka za ka yi, buɗe kunne. Kar ka zuba fetur ka ce bari in ji ko za ta tashi, na san hannunka yana ƙaiƙayi, kowa haka yake. Injin da ya kwana shekara 15 oyil sil ɗinsa biyu sun zama kamar ƙanzo. Na ɓangaren filawil in ya mutu iska yake sha, za ka ji inji yana hawa da kansa ba ka murɗa ba, iska ta yi yawa mai ya yi kaɗan, fistin ya kame kana tsakiyar titi tayar baya ta ƙulle. Na ɓangaren kuloci in ya mutu man giya yake zuƙa, hayaƙi fari mai kauri, fulogi kullum jiƙe. Na kulocin kam sai an raba inji, to tunda za a raba, a canza boris biyu na karanshaf, gasket, roban kik, da kuros na giya.

Kuros ɗin nan ɗan ƙarfe ne mai ƙafa huɗu, shi ke zamewa cikin giyoyin nan huɗu yana kama wadda ka zaɓa, in gefensa ya cinye sai ta riƙa fitar da giya da kanta, yawanci ta uku, kana hawan gada ka ji ɓaram inji ya yi ihu. Kuma ka rubuta wannan a bango: zaren sandar da ke riƙe da shi na hagu ne. Yadda kake ɗaure noti haka ake kwance shi. Yara nawa suka karye min shi suna cewa ya ciza.

Giyoyin in ka zare su ka jera a kan kwali yadda suka fito, fuskar da ke sama ta zauna a sama, ka ɗau hoto da wayarka. Boris kuma ba a dukansa. Sabon ka sa a leda ka jefa firiza tun dare, kaskon injin ka ɗumama a kan risho har in ka ɗiga ruwa ya yi tsalle, sai ka saka, da kansa zai faɗa.

Maman Walid: Firizar wa? 😂 Abban Khairat ka nemi izinin Maman Khairat tukuna kar a ga boris kusa da kajin miya

Abban Khairat: Hhhh Anti ai tun da na shimfiɗa buhu a tsakar gida na zube notuna ake min kallon banza. Baba to zancen kaya fa, a ina zan samu na ƙwarai? Na leƙa Sabon Gari wani ya nuna min ringi a kwali an rubuta Italy amma kwalin sabo fil kaman jiya aka buga.

Baba Mai Sifana: Jiyan aka buga. Kayan Indiya ne yawanci, kuma ba laifi ba ne in mai kyau ne, don Bajaj sun yi shekaru suna ƙera Basfa da lasisin Piaggio kafin su rabu, Chetak ɗin da suka fitar 1972 daga jikin Sprint aka ɗauko ta, shi ya sa wayoyin giya da na kuloci da faifan kuloci da takalmin birki da yawa suna shiga. Matsalar a sayar maka da na Indiya da kuɗin na Italiya. Ka je da tsohon a hannunka ka haɗa su. Oyil sil da kuros kam kar ka yi arha a kansu, su ne a can cikin ciki, in suka ba ka kunya sai ka sake sauke inji.

Ɗan Brescia: Waɗannan biyun da boris ni zan aiko maka, akwai mai zuwa Kano ƙarshen wata, ba su da nauyi. Ka turo min hoton lambar inji ta akwati.

Abban Khairat: Kai Yaya na rasa bakin godiya, Allah ya saka da alheri ya dawo da ku lafiya.

Yaro Mai Wuta: Ni dai har yanzu ba a ba ni amsar 177 ɗin ba. Shi ai da sifana ake kwancewa, ya cika ƙa'idar Baba 😎 Na kamfanin Polini ko Malossi ka ɗaura ka ga yadda za ta bar 'yan Boxer a baya

Baba Mai Sifana: Ɗan nema, ka kama ni. E yana kwantuwa, kuma Veloce tana karɓa don ƙofofin mai uku gare ta a silinda ba biyu ba irin tsohuwar Sprint. Amma ji nan. Fistin ɗinta na asali milimita 57 ne, na 177 kuma 63, ya fi cin mai ya fi zafi. Kafiretarta 20/20 ce, dole ka ƙara girman babban jet, ka yi ta gwadawa kana duba kalar fulogi har ta zama ruwan ƙasa, in ta yi fari fat kana dab da kamewa. Wa zai sayar maka da jet kala biyar a nan ka gwada? Sannan iska ce kawai ke sanyaya injin nan, fankar filawil ke hurawa ta cikin murfin silinda, ka tuna zafin Afrilu a Kano cikin gosulo. Bayan haka kuloci zai fara zamewa sai ka ƙara masa ƙarfin sifirin, birki kuma na ganga ne gaba da baya tun na 1975, ka ƙara gudu ba ka ƙara tsayawa ba. In silindar ta gaji a kai ta a yi mata ribo a sa fistin na gaba da shi, ta ishe shi zuwa ofis da masallacin Juma'a.

Yaro Mai Wuta: Baba kun fiye tsoro wlh, da haka aka bi ai da har yanzu jaki ake hawa

Admin: Yaro Mai Wuta a riƙa tauna magana, Baba ya haife ka.

Yaro Mai Wuta: Tuba nake Baba, wasa ne

Baba Mai Sifana: Ba komai, ni ma na yi ƙuruciya, akwai tabo a gwiwata da zai ba ka labari. Kuma ba duk sabon abu nake ƙi ba. Wutarta 6 volt ce da kwantak da kwandansa, fitilar kamar aci-balbal, da daddare a hanyar da ba fitilun titi hatsari ne. Wannan kam in ka samu hali ka mayar da ita 12 volt mai CDI, ɗan akwatin lantarkin nan mai ba fulogi wuta, ba ruwanka da goge kwantak ko saita tazararsa ta milimita 0.4 duk wata. Sai dai kar ka sayi na Basfa PX, samfurin da ya zo daga baya, ka ce zai zauna, ka gwada bakin karanshaf tukuna, akwai wanda ake yi musamman don tsofaffin. Tsohon filawil da kwayil a kwali, kar a ba yara su kai wa mai gwangwan.

Ɗan Brescia: Abin dariya ɗan akwatin CDI na PX in ka duba Ducati aka rubuta a jiki, na Bologna, to Yaro Mai Wuta ka ga sai ka ce wa mutane kana da Ducati 😂 Ita kanta Vespa wanda ya zana ta, Corradino D'Ascanio, injiniyan jirgin sama ne kuma ba ya son babur, shi ya sa ya rufe inji kar ya ɓata wa mutum kaya, ya riƙe tayar gaba ta gefe ɗaya kaman ta jirgi. 1946 aka fara a Pontedera kusa da Pisa, na je gidan tarihinsu. Sunan ma zanzaro yake nufi.

Malam Na Tudun Wada: Shi ya sa ta karɓi babbar riga. Ka zauna ka tattara ta a cinya, ba sarƙar da za ta kama maka ita.

Ɗan Damagaram: Batun mai fa a gaya mishi, mutanenmu da ido suke zubawa.

Baba Mai Sifana: Biyu cikin ɗari. Lita 1 ta fetur mil 20 na man 2T, lita 5 mil 100. Ka sayi babban sirinji a kemis ka ajiye a akwatin gefe. Ba baƙin man mota ba, ba kuma wanda aka juye daga janareta ba. Masu cewa a ƙara don inji ya ji daɗi, salansa suke toshewa da gawayi. Man giya daban ne, SAE 30, wajen mil 250, ka zuba har ya fara dawowa ta ramin.

Abban Khairat: Salam, na dawo da rahoto bayan sati bakwai. Malam na bi shawararka, mun zauna, huɗu sun yafe, ƙanwata ta Kaduna ta ce ita ba ta yafe ba sai na ɗauke ta a kai ranar Sallah, autanmu kuma ya karɓi kuɗinsa cas. Zancen baƙin fenti ya mutu, ban ma ƙarasa faɗa ba Hajiya ta ce wai makoki za ta je? Ruwan tokar dai za a maimaita, na kai murfin akwatin gefe wurin mai haɗa fenti don cikinsa rana ba ta ci ba.

Daɓen ya ba ni wahala. Mai waldan farko da na kira gida da wutar lantarki ya zo, kafin in ankara ya ƙara min rami na uku, na sallame shi, na samu wani dattijo mai waldar gas ya yanko faranti ya ɗinke a hankali kwana biyu. Inji kuma na raba na haɗa sau biyu, don karon farko na gama ɗaure komai ina murna sai na ga wani ɗan washa a kan buhu yana kallona. Baba zaren hagun nan Allah ya saka, da ban karanta ba da na karya. Jiya bayan la'asar a kik na huɗu ta tashi, hayaƙi ya cika gida, Hajiya ta fito daga ɗaki ba ko mayafi ta tsaya bakin ƙofa ba ta ce komai ba, can ta ce in kashe haka nan kar maƙota su taru.

Sirdin na cire na sa doguwar kujera saboda Khairat da ƙaninta, na mahaifinmu suna cikin kwali tare da tsohon filawil. Yaro Mai Wuta rim ɗin dai na fesa ja, na ba ka wannan.

Yaro Mai Wuta: Allahu akbar an ci rabin yaƙi 🔥🔥 saura salansa

Maman Walid: Wlh har na yi ƙwalla. Allah ya ji ƙan iyayenmu.

Malam Na Tudun Wada: Amin. Takardar dai an rubuta ko?

Abban Khairat: An rubuta Malam, kowa ya sa hannu. Baba saura matsala ɗaya, in na murɗa zuwa giya ta ɗaya tana shiga, ta biyu ma haka, amma alamar da ke hannu ba ta daidaita da lambar, kuma furi sai na yi ta lalube.

Baba Mai Sifana: Wayoyin giya ne, ɗaya ta fi ɗaya tauri. Sa ta a furi daga can ƙasa wajen akwatin giya, ka daidaita hannun a kan ɗigon, ka sa yaro ya riƙe maka kar ya motsa, sannan ka ja wayoyin biyu daidai wa daida ka ɗaure. Sabuwar waya tana miƙewa, bayan sati za ka sake. In ta ƙi, turo ta rumfa ranar Asabar da safe kafin rana ta yi, ka taho da ƙosai.